Akuyar da Na Karɓa a Kan Faifan Gem

Ni ne marar gaskiya a cikin labarin nan. Gara in faɗa tun daga farko, don kada mai karatu ya ɓata tausayinsa a kaina. Na zalunci wani dattijo, daga baya na gane cewa na zalunce shi, amma na rufe bakina fiye da shekara biyu ina kallon abin da bakin nawa ya jawo masa. Ba zan ambaci sunansa ba, ba zan ambaci nawa ba. Mutanen garinmu in sun karanta za su gane mu, sauran jama'a kuwa labarin ya ishe su.

A wancan lokacin ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a wani ƙauye da ke arewa da Ɗanbatta, irin ƙauyukan nan namu da gona take manne da gona, ko dutse ka jefa sai ya faɗa a shukar wani. Karatuna bai wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba. Mahaifinmu ya rasu, ni da yayana muke noma gonar gida, gero da gyaɗa, mahaifiyarmu da muke kira Inna tana tare da mu. Bayan noma ina da ɗan shagon langa-langa a bakin hanya inda nake cajin waya, kuma a nan na ajiye talabijin ɗaya da na'urar gem da ƙaramin janareta. Bayan la'asar samarin gari, 'yan acaɓa da masu tasowa daga gona, sukan cika shagon su buga gem ɗin ƙwallo, wanda aka ci ya tashi ya ba wani. Wannan ɗan shagon ya sa na ɗauki kaina wayayye. Ina tafiya ina jin na fi sauran samarin gari sanin duniya, alhali iyakar duniyar tawa ita ce abin da na gani a fuskar waya.

A wayar ne na fara ganin tallar wani sabon gem da wani babban kamfani na ƙasar waje ya daɗe yana cewa yana nan tafe. Ana cewa dukiyar da aka zuba wajen yin sa ta isa ta shimfiɗa kwalta daga garinmu har Kano ta dawo. A cikin tallar za ka ga wani ƙaton birni, ruwan sama yana sauka a kan titi, mutane kowa yana harkarsa, kuma wai duk gidan da ka so za ka shiga, duk motar da ka so za ka hau. Na kalli tallar nan har na haddace ta. Na sa a raina cewa shagona ne zai fara kawo shi a duk yankinmu, ko da kuwa me zan sayar. Da aka ce ya fito, sai na kwance ragon da na turke tun bayan salla na kai shi kasuwa. Yayana ya yi faɗa, ni kuwa ban saurare shi ba. Garinmu ba shi da sabis mai ƙarfin da za a sauke gem ta intanet, don haka dole sai faifai, faifan kuwa sai a Kano. Lokacin muna tsakiyar cirar gyaɗa, yayana ya ce in na bar masa gona na tafi birni saboda wasa, to in nemi inda zan ci tuwo. Sai na yi abin da kowa yake yi a garinmu, na ba Baba Direba saƙo.

Baba Direba abokin mahaifina ne, sa'ansa kuma. Yana da wata tsohuwar motar haya da yake zuwa Kano da ita kullum ya dawo, tun kafin a haife ni. Fasinja yana ɗauka, amma abin da aka fi sanin sa da shi shi ne saƙo. Matan aure da ba sa fita shi suke ba wa ya sayo musu atamfa da man girki da maganin asibiti, wata ma ta cire 'yan kunnenta na zinare ta ƙulle a tsumma ta aika masa ya sayar mata a birni. Ba ya rubutu da boko, ba ya ajiye littafi, kowane saƙo a kansa yake, kuma ba a taɓa jin ya haɗa na wata da na wata ba. Shekarun nan kuwa masu wuya ne, an fito daga kullen annoba, mutane sun rage tafiya, mai yana ta hawa. Ɗan ladan da ake ba shi na saƙo shi ne yake riƙe motar a kan hanya. Na kwafi sunan gem ɗin daga waya harafi bayan harafi a takarda na miƙa masa. Ya juya takardar ya tambaye ni ko magani ne, na ce wasa ne. Ya yi dariya ya ce ɗan abokinsa ya ba da rago sukutum a kan abin da ba ya cin dusa, ba ya haihuwa, ba a yanka shi ranar salla. Amma ya karɓa. Washegari da yamma ya kawo mini shi a cikin ledarsa ba a ɓare ba, da rasit, ya naɗe shi a cikin hankicinsa don kada rana ta taɓa shi. Ya ce sai da ya zaga kasuwa shago-shago yana nuna takarda kamar mai neman ɓataccen jaki.

Ranar da na sa faifan shagona ya cika har waje, wasu a kan babura suke leƙe. A gaban kowa na ɓare ledar don a shaida sabo ne. Da gem ɗin ya buɗe, wani rubutun Turanci ya fito a talabijin, na danna na wuce shi don ban tsaya karantawa ba, kuma ko na tsaya ba duka zan gane ba. Birnin ya fito, amma ba wanda na gani a talla ba. Titunan fayau, gine-ginen kamar an shafe su da laka. Na hau mota na yi tafiya kaɗan, sai motar ta nutse cikin kwalta har rufinta, ta bar ni ina yawo a ƙarƙashin ƙasa ina hango ƙafafun mutane a sama. Na sake farawa. Wani mutum ya zo zai yi mini magana, fuskarsa babu fata, ido ne kawai da haƙora suna reto. Can sai ga wani a tsakiyar titi ya shanya hannuwa biyu ya ƙame, ba ya motsi, kamar mutum-mutumin da ake kafawa a gonar gero don korar tsuntsaye. Daga nan na'urar ta tsaya cak. Sau huɗu ina kashewa ina kunnawa, janareta yana shan mai.

Samarin nan ba su raga mini ba. Wani ya ce mutumin tela yake jira ya auna masa babbar riga. Wani ya ce a kira malam ya yi wa talabijin ɗin ruƙiyya. Wani ɗan acaɓa ya ce shi da ya san haka ne da ya sayi ragon, ko banza rago ba ya nutsewa cikin ƙasa. Har yau ina jin dariyar ranar a kunnena. Da aka watse, wani abokina da yake zuwa ci-rani kudu ya tsaya ya ce mini wannan jabu ne, na asali ba zai yi haka ba, domin Turawa ba sa fitar da kaya sai sun gwada shi sun sake gwadawa. Maganar ta zauna mini daram saboda dama abin da na yi imani da shi ke nan. A tunanina kayan babban kamfani ba ya zuwa da aibi, in an ga aibi to hannun namu ne ya taɓa shi. Hannu ɗaya kuwa na san ya taɓa faifan nan kafin nawa.

Ranar kasuwar garinmu na zaɓa, kuma da gangan na zaɓe ta. Da hantsi na same shi a tasha ƙarƙashin darbejiya yana ɗaure buhunan gyaɗa a saman mota, tsofaffin matan da suke kawo saƙon matan aure sun kewaye shi. Na jefa faifan a gaban motar na ce ya sayo mini jabu ya soke sauran kuɗin a aljihu. Da farko dariya ya yi, ya zaci wasa nake, ya tambaye ni ko ban karya kumallo ba ne. Da ya ga fuskata sai ya sauko. Ya ce in shiga mota yanzu ya kai ni shagon da ya saya, ba sai na biya kuɗin mota ba. Na ce ai dole ya ce haka, tunda sun gama haɗa baki da mai shagon. Ya ce ai ga rasit, na ce rasit da biro ake rubuta shi. Ya ce a cikin leda ya kawo, na ce leda da kyandir ma ana liƙe ta. Sannan na juya wajen matan nan na faɗi maganar da ita ce asalin zunubina. Na ce wanda ya ci amanar faifai guda, Allah kaɗai ya san abin da ya daɗe yana yi da saƙon matan da ba sa fita su ga farashi da idonsu. Baba Direba ya dube ni ya daɗe, ya ce da mahaifina yana raye da ban faɗi haka ba. Na ce da yana raye da shi ma bai yi mini haka ba.

Maganar ta kai zauren mai unguwa, liman yana wurin. Liman ya ce a shari'a mai ƙara shi yake kawo shaida, wanda ya musa kuma shi yake rantsuwa. Shaiduna samarin shago ne, su kuwa abin da suka gani mutum ne ya shanya hannu a titi, ba wanda ya ga an yi sata. Don haka aka juya ga Baba Direba aka ce ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, magana ta mutu. Ya ƙi. Ya ce tunda yake bai taɓa dafa littafin Allah a kan abin duniya ba, ko lokacin da aka ci masa iyakar gona bai yi ba, ba kuwa zai fara da furfurarsa a kan wasan da mutum yake tsayawa kamar mutum-mutumin gona ba. Ya ce Allah ya gan shi a kasuwar nan cikin rana da takarda a hannu, wannan ya ishe shi. Mai unguwa ya lallashe shi, liman ya gaya masa ba laifi ba ne mai gaskiya ya rantse, ya ce ya sani, amma ba zai iya ba. Ya ce yana da jar akuya a gida, in ita za ta kashe maganar, ɗan abokinsa ya je ya kwance ta. Na kuwa je na kwance ta. Na ja ta da igiya ta tsakiyar gari kamar wanda ya ciwo gasar kokawa.

Ƙin rantsuwar nan shi ya gama da shi. Mutane suka ce mai gaskiya ba ya tsoron dafa Alƙur'ani. Sannan lokacin ya taya ni yi masa mugunta, domin shekarun ne da kaya suke canza farashi kowane mako. Matar da ta aika a sayo mata man girki aka kawo mata ƙasa da wanda ta saba gani, wadda ta aika a sayo atamfa ya dawo ya ce abin da ta bayar bai kai ba, duk a da sun san tsadar zamani ce. Yanzu kowace ta koma tana tuno nata tana cewa ashe. Ba wanda ya zage shi a fuska. Saƙo ne kawai ya riƙa raguwa, yau an ba wani direba, gobe an jira wani ɗan uwa mai zuwa birni. Inna ce kaɗai a gidanmu ba ta canza ba. Ta ce ita ba ta san gem ba, amma ta san mutumin. Ta hana a ɗaure akuyar a sashenta, kuma ko sau ɗaya ba ta zuba mata ƙaiƙayi ba.

Bayan kamar wata huɗu, da aikin gona ya ƙare, na ɗauki na'urar da faifan na tafi Kano, a motar wani direban dabam. Niyyata in sayar da faifan ko a wulaƙance. Na kai wa wani mai gyaran na'urori a kasuwar waya, na ce masa ga jabun da aka cuce ni da shi. Ya ɗaga faifan ya duba gaba da baya, ya ce wannan gangariya ne, babu jabu a nan. Na fara ba shi labarin motar da take nutsewa, tun ban ƙarasa ba ya kama dariya, ya ciro wayarsa ya nuna mini. Ga Turawa, ga Larabawa, ga Indiyawa, kowa a ɗakinsa yana kumfar baki, kuma a talabijin ɗin kowannensu ga mutumin nan nawa ya shanya hannuwa a tsakiyar titi. Ya ce kamfanin ne ya sa wa kansa rana, ya karɓi kuɗin mutane tun kafin kaya ya fito, da ranar ta zo aikin bai ƙare ba sai ya tura shi kasuwa a haka. Daga baya ya fito ya ba duniya haƙuri, yana ta aiko da gyara ta intanet. Rubutun Turancin da nake dannawa ina wucewa, cewa yake in haɗa na'urar da intanet ta karɓi gyaran. A matsayina na manomi na gane abin sarai. Sun ga kasuwa ta yi kyau ne suka cire gyaɗa ba ta ƙosa ba, suka zuba a sabon buhu suka ɗinke. Duk wanda ya saya, a ko'ina yake, kwanso ya samu.

Ya haɗa mini na'urar da intanet ɗin shagonsa, na zauna a kan benci tun azahar har la'asar tana jan gyaran. A mota kan hanyar dawowa na ƙudura cewa ko gida ba zan shiga ba sai na je na durƙusa a gaban Baba Direba. Da muka iso Ɗanbatta ƙudurin ya koma sai gobe. Da na sauka a garinmu samari suka biyo ni shago, na kunna, mota ta yi tafiya a kan titi ba ta nutse ba, mutane suka fito da fuskokinsu. Wani ya tambaye ni yadda aka yi. A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, kalma biyar ta isa. Sai na tuna dariyar ranar farko, na tuna yadda na ja akuya ta tsakiyar gari, na ji bakina yana cewa sabon faifai na sayo, na asali. Suka ce ai ga bambanci nan ƙiri-ƙiri. Kafin magariba labari ya zaga gari cewa an tabbatar. Ƙazafin farko na yi shi cikin jahilci da fushi. Wannan na biyun da sanina na yi shi, kuma shi ne ya rufe wa dattijon nan ƙofa ta ƙarshe.

Abin takaici, gem ɗin da na sayar da mutuncin mutum a kansa, ko bayan gyaran bai kai rabin abin da aka nuna a talla ba. Yawancin gidajen ba sa buɗuwa, mutanen birnin magana ɗaya suke maimaitawa, lokaci-lokaci kuma na'urar ta sake tsayawa. Mako biyu samari suka yi suna taɓawa suka ce in mayar musu da ƙwallonsu. Faifan ya koma ƙarƙashin talabijin yana shan ƙura. Da man fetur ya yi tashin da ya yi, janareta ya gagare ni, na sayar da na'urar na rufe shagon na koma gona gaba ɗaya. Shi ma Baba Direba a lokacin ya sayar da motarsa, don fasinja kaɗai ba sa riƙe mota, saƙo kuwa babu. Ya koma ɗan kamasho a tashar da ya shekara talatin yana lodi, yana kira wa direbobin da wasunsu shi ya koya musu tuƙi fasinja. Na daina bin hanyar tasha, ina zagayawa ta bayan makabarta. Wata rana dole ta sa na bi, na ga wata mata baƙuwa daga wani ƙauye ta sauko da kaya, ya miƙa hannu zai taya ta, wata ta raɗa mata magana, sai ta fizge jakarta ta rungume. Ya janye hannunsa ya sa a aljihu. Da ya hango ni ya gaishe ni, ya tambayi jikin Inna. Na amsa na wuce. Ko a ranar ban faɗa ba.

A cikin shekarun nan na yi aure. Akuyar kuwa ta yi ta haihuwa a gidana, har suka zama biyar da ita, ciki da wani taure mai kyau. Da matata ta haifi ɗanmu na fari, babu rago a gidan, babu kuma halin saye, sai na ce tauren nan za a yanka ranar suna. Kwana uku da haihuwar Inna ta same ni a bakin turke ina ba su harawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ko na tabbata a kan wannan dabbar nake so a raɗa wa ɗana suna. Ta ce in na tabbata halal ce, to bismilla, amma ita ba za ta ci naman ba, kuma in yaron ya girma ya tambaye ta da me aka yi masa yanka, ba za ta yi masa ƙarya ba. Na zauna a ƙasa na gaya mata komai. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce tun ranar da na dawo daga Kano na fara zagayawa ta bayan makabarta ta sani, jira take ta ga ko akwai sauran mahaifina a jikina.

Washegari da safe na kora awakin biyar zuwa gidan Baba Direba. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa na gaya masa abin da mai gyara ya nuna mini, da lokacin da ya nuna mini, da ƙaryar sabon faifai. Bai daina abin da yake yi ba har na gama. Sannan ya tambaye ni wata nawa ke nan da na sani. Na faɗa masa. Ya ce wato lokacin da ya sayar da motar na riga na sani. Na ce na sani. Ya ajiye igiyar. Can ya ce a shigar da awakin, nasa ne. Ya ce tsakaninsa da ni ya yafe saboda Allah da kuma mahaifina, amma ko Allah ya sake ba shi mota kada in ƙara aiken sa. Ya ce kuma sauran abu ɗaya, ba a ƙofar gidansa na zubar masa da mutunci ba, don haka ba a nan zan kwashe shi ba.

Kafin in ƙarasa, ga abin da ya sa na rubuto. 'Yan uwana matasa masu sha'awar irin waɗannan abubuwa, ku sani talla ba kaya ba ce, kuma girman kamfani ba ya hana shi sayar muku da ɗanyen aiki a cikin sabuwar leda. Wannan ƙaramin darasi ne, rago kawai ya ci mini. Babban shi ne yadda na yarda da mutanen da ban taɓa gani ba, waɗanda ba su san akwai garinmu a duniya ba, na kasa yarda da mutumin da ya ɗauki gawar mahaifina a kafaɗarsa. Su da suka yi laifin sun ba da haƙuri cikin makonni, sun aiko da gyara ta iska. Abin da na ɓata ni ba shi da irin wannan gyaran. Magana zarar bunu ce, tawa kuwa ta kai ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, kuma har gobe akwai masu ita a ransu da ba za su ji cewa na janye ba. In abu ya ba ka kunya a gaban mutane, kada ka waiga kana neman na kusa da kai ka ɗora masa. In kuma ka riga ka ɗora, ranar da ka gane gaskiya ita ce ranar faɗa, domin kowace rana bayanta sabon zalunci ne. Ɗana an raɗa masa suna ba yanka, sai bayan kaka muka yi, kuma gara haka.

Ranar kasuwa ta faɗo ana gobe suna. Da hantsi na je tasha, ƙarƙashin darbejiyar nan, na hau kan wani benci. Mutanen ba su kai na wancan karon yawa ba, wasu daga cikin tsofaffin da suka ji maganata ta farko sun rasu da ita. Baba Direba yana gefe yana kiran fasinjan Kano, bai juyo ba. Na yi sallama har aka yi shiru. Na ce ni ne wanda ya tsaya a nan ya ce dattijon nan ya ci amana, kuma ƙarya na yi. Na ce faifan da ya kawo mini na asali ne, daga wurin masu shi ya zo a lalace, ban taɓa sayen wani sabo ba, na san haka fiye da shekara biyu na ɓoye saboda girman kai. Na ce duk matar da ta zarge shi a kan saƙonta saboda maganata, alhakin yana wuyana, a isar wa matan da suke cikin gida, a isar wa na ƙauyuka. Sannan na sauko na je gabansa na durƙusa a cikin ƙurar tasha, na ce Baba, na karɓi akuyarka da zalunci, na raba ka da motarka da sunanka, akuya na mayar, sauran ba ni da ikon mayarwa, ka yafe mini a gaban waɗanda na tozarta ka a gabansu.